Gasa ɗaya nake so in ci, in mayar da kuɗin kafin ta sani

Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne, ina da mata da 'ya'ya biyu, ina kuma aikin albashi. Shekara biyu ke nan da wani abokina ya koya mini poka, wato wani wasan karta na caca, irin wadda ake kira Texas Hold'em, na fara shiga gasa a intanet. Ban daɗe da farawa ba na shiga wata gasa ta dala 11, mu wajen 2,000, na zo na uku. Abin da na samu a daren nan ya fi albashina na wata. Daga nan na koma gasar dala 55, wani lokaci 109. Abin da na ci ya ƙare, na taɓa kuɗin da muke tarawa ni da maiɗakina don karatun yara, shi ma ya yi nisa, har na ranci kuɗi wurin abokin nan nawa na ce masa wata lalura ce ta taso. Maiɗakina ba ta san komai ba, ƙorafinta kawai ba na barci, kuma na zama mai saurin fushi. Abin da ya fi ci mini rai, sau da yawa sai ana dab da shiga kuɗi, wato matakin da ake fara biyan waɗanda suka rage, ake fitar da ni, wani lokaci da A biyu a hannuna, kartar da ta fi kowace ƙarfi a farkon wasa. Har na fara zargin shafin da maguɗi. Na san abin da addini ya ce, ba fatawa nake nema ba. Dabarar wasa nake so ka ba ni, da yadda zan riƙe zuciyata, in ci babbar gasa guda ɗaya, in mayar da kuɗin kafin ta sani, sannan in daina.

Wani magidanci

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ya fara tsaya mini a rai a wasiƙarka shi ne nauyin da kake ɗauke da shi kai kaɗai, kana kwana kana tashi da wadda kake ɓoye wa, kana kallon yaran da aka yi tanadin dominsu. Wanda bai damu da iyalinsa ba ba ya rubuta irin wannan wasiƙa. Dabara ka tambaya, kuma zan amsa maka a kan wasan kansa ba tare da kewaye-kewaye ba, domin lissafin poka da kansa ya isa ya nuna maka inda shirin naka ya karye.

Mu ɗauki gasar da ka zo na uku. A irin wannan gasa, cikin dala 11 da kowa ya biya, yawanci 10 ne ke shiga kuɗin da za a raba, ɗayar kuwa la'adar masu shafin ce. Ku 2,000 ke nan kun tara dala 20,000 na rabo, masu shafin sun ɗauki 2,000 tun ba a raba karta ko ɗaya ba. Ma'ana ɗan wasa matsakaici, wanda bai fi kowa ba kuma ba a fi shi ba, yana asarar wajen kashi 9 cikin 100 na duk abin da ya zuba idan tafiya ta yi tsawo. Sannan a mafi yawan gasanni kusan kashi 15 cikin 100 na 'yan wasa ne ake biya. Mutum 300 za su samu wani abu, 1,700 su tashi hannu rabbana. A cikin 300 ɗin ma, da yawansu abin da za su karɓa bai wuce ninkin kuɗin shigarsu ba. Kuɗi na gaske yana teburin ƙarshe, a can ɗin ma mutum ukun farko ne ke kwashe kaso mafi tsoka. Shi ya sa har ƙwararrun da suka mai da abin sana'a, a cikin gasa biyar sukan tashi ba ko sisi a wajen huɗu.

To yanzu ga shirinka na cin gasa ɗaya. A cikin mutum 2,000, damar matsakaicin ɗan wasa ta zama na ɗaya ita ce 1 cikin 2,000. Mu ce ka ninka matsakaici iyawa, wanda ba ƙaramin abu ba ne, damarka ta koma 1 cikin 1,000. Ko ka buga irin gasar nan sau 1,000, ka biya dala 11,000 kuɗin shiga, akwai yiwuwar kusan kashi 37 cikin 100 cewa ba za ka zo na ɗaya ko sau ɗaya ba. Wannan lissafin ƙwararre ne fa, wanda ya yi barci ya ƙoshi, ba a binsa bashi. Kuɗin makaranta yana da ranar biya, ita kuwa gasa ba ta yi wa kowa alkawarin rana.

Batun A biyu da ake doke ka da su, na san yana da zafi. Hannu ne da ke zuwa sau ɗaya cikin 221, ka daɗe kana jiransa, ka tura duk ƙwandalolin wasanka, waɗanda in suka ƙare ka fita daga gasar, wani mai 8 biyu ya bi ka, karta ta ƙarshe ta ba shi. Amma a irin wannan karo damarka wajen kashi 80 ce cikin 100, wato sau ɗaya cikin biyar dole ka faɗi. Kuma karo ɗaya ba ya kai mutum teburin ƙarshe. Kafin ƙwandalolin mutum 2,000 su taru a hannun mutum ɗaya, sai tulinsa ya ninku wajen sau 11. Idan sau biyar kacal ka sa rayuwarka ta gasar a kan irin wannan dama ta kashi 80, yiwuwar ka tsallake duka biyar ɗin kusan ɗaya ce cikin uku. Sau biyu cikin uku za ka fita, alhali kowane mataki da ka ɗauka daidai ne. Daren da ka zo na uku, irin waɗannan karon ne suka faɗo maka a jere. Na yarda ka buga da kyau, amma dare ɗaya ba ya iya gaya wa kowa ko shi gwani ne.

Zargin maguɗi kuwa, ba zan ce ba a taɓa yi ba. A 2007 da 2008 an bankaɗo cewa wasu na cikin gida a shafukan Absolute Poker da UltimateBet suna ganin kartar abokan wasansu, sun kuma kwashe kuɗin mutane masu yawa. Sai dai abin da ka bayyana ba ya buƙatar maguɗi kafin ya faru. A intanet ana raba karta da sauri fiye da teburin gaske nesa ba kusa ba, wasu ma tebur huɗu ko shida suke buɗewa lokaci guda, don haka abin da ke faruwa sau ɗaya cikin biyar za ka gan shi kowane dare. Zuciya kuma tana riƙe ranar da aka doke A biyunka, ta manta ranakun da kai ne mai ƙaramar karta ka doke wani.

Dabarun da ƙwararru ke bi ba asiri ba ne. Na farko wurin zama: wanda zai yi magana a ƙarshe ya riga ya ga abin da kowa ya yi, don haka yana iya shiga da hannuwa da yawa, wanda ke farkon layi kuwa yakan ajiye fiye da huɗu cikin biyar na abin da aka raba masa. Sai auna tuli. Ba a ƙirga ƙwandaloli da yawansu, ana ƙirga su ne da babban zubin dole, wato abin da ake tilasta wa 'yan wasa su zuba bi da bi kafin a raba karta, wanda ke hawa lokaci bayan lokaci. Mai zubi 50 a gabansa yana da sararin yin wasa a natse. Wanda ya sauko ƙasa da 10 abu biyu ya rage masa, ya tura duka ko ya ajiye, kuma gara ya zama shi ya fara turawa da ya bi turin wani, domin mai turawa yana iya ci ta hanya biyu, ko kowa ya janye ko kartarsa ta yi nasara. Sai lissafin bi. Idan akwai 100 a tsakiya, abokin wasa ya ƙara 50, kai za ka sa 50 don ka ci 150, to sai damarka ta kai kashi 25 cikin 100 kafin bin ya zama daidai. Mai karta huɗu masu alama iri ɗaya da ke jiran ta biyar, in karta ɗaya ta rage a buɗe, damarsa wajen kashi 20 ce. Ajiyewa ce daidai a nan, komai yadda zuciya ke raya masa cewa za ta zo.

Inda ka ce ana yawan fitar da kai, dab da shiga kuɗi, nan ne wasiƙarka ta fi ba ni labarinka. A wannan gaɓa ƙwandalar da ka rasa ta fi wadda ka ci daraja, domin ninka tuli ba ya ninka kuɗin da za ka samu, fita kuwa tana mai da shi sifili. Masu manyan tuli sun san haka, sai su riƙa matsa wa masu matsakaicin tuli da burga, suna kwashe zubin dole ba tare da an nuna karta ba. Kuma nan da nan suke gane wanda ke jin tsoro. Mai tsoro yakan yi ta ajiyewa har tulinsa ya narke, daga bisani haushi ya ɗebe shi ya tura ragowar da hannun da bai kamata ba. Ina kyautata zaton haka ke faruwa da kai, kuma dalilin ba rashin sani ba ne. Su ƙwandalolin wasa suke gani a gabansu, kai kuwa kuɗin makarantar 'ya'yanka kake gani. Duk dabarun da na zayyana maka suna aiki ne a hannun wanda in ya fita daga gasar zai rufe kwamfuta ya yi barcinsa. Ba ni da wata dabara da za ta sa ka daina jin tsoron rasa kuɗin da bai kamata a rasa ba, kuma ba na jin akwai mai ita.

Haka batun riƙe zuciya. Abin da masu koyar da wasan ke nanatawa shi ne mutum ya auna kansa da kyawun shawarar da ya yanke, kada ya auna da kartar da ta faɗo, ya kuma tashi da zarar ya ji ransa ya ɓaci. Kai kuwa sakamako kake nema, na wani adadi, kafin wata rana. Tun 1979 masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky suka nuna cewa zafin asara ya fi daɗin riba mai girma ɗaya ƙarfi a zuciyar ɗan Adam, kuma wanda ke cikin asara ya fi saurin rungumar kasada don ya kauce wa amincewa da ita. Tashinka daga dala 11 zuwa 55 zuwa 109 ke nan. Ƙa'idar da ƙwararru ke bi ita ce kada mutum ya shiga gasa sai jarinsa na wasa ya ninka kuɗin shigarta aƙalla sau 100, wasu ma sukan ce 200 ko 300 in gasar mai jama'a ce da yawa. Gasar dala 109 tana son jarin da ya haura dala 10,000 ke nan, na kuɗin da in ya ƙone ba abin da zai taɓa gida. Kuma yadda kuɗin shiga ke hawa haka abokan karawa ke ƙara ƙwarewa. Ka ƙara kuɗi a daidai lokacin da hankalinka ya fi tashi, ka je ka zauna da waɗanda suka fi ka.

Na san labarin da ke ƙarfafa wa kowa gwiwa. A 2003 wani akanta daga jihar Tennessee ta Amurka, Chris Moneymaker, ya samu kujera ta hanyar ƙaramar gasar share fage a shafin poka na PokerStars, ya je Las Vegas ya ci babbar gasar World Series of Poker, dala miliyan 2.5. Mutum 839 ne suka shiga a shekarar. Zuwa 2006 sun kai 8,773, da yawansu labarinsa ne ya jawo su. Sunansa aka riƙe, dubban da suka biyo bayansa suka koma gida ba komai ba wanda ya ƙirga su. Wasan ma ya canza tun daga lokacin. Yau masu sana'ar suna nazari da manhajojin da ke lissafa mafi dacewar mataki a kowane hali, kuma a 2019 wata manhaja mai suna Pluribus, wadda masu bincike na jami'ar Carnegie Mellon da Facebook suka ƙera, ta doke ƙwararru a tebur mai mutum shida. Mutumin da ya yini a wurin aiki ya zo ya zauna da tsakar dare ido na lumshewa, da irin waɗannan mutane yake karawa.

Ka ce ba fatawa kake nema ba, ni ma ba zan yi maka wa'azi ba. Amma tunda kai ka kawo maganar, ba zan yi kamar ban ji ba. Aya ta 91 a Suratul Ma'ida ta ambaci caca a matsayin hanyar jefa gaba da ƙiyayya tsakanin mutane. Ka dubi gidanka, ka dubi tsakaninka da abokinka, ka ga ko ba ta fara ba. Kuma ina ganin wani ɓangare na rashin barcin nan daga nan yake.

Akwai abin da nake so ka ji da kunnen basira. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa matsalar caca a rukuni ɗaya da shaye-shaye, ta jera alamomi tara, ta ce huɗu a cikin shekara guda sun isa a kira abin lalura. Cikinsu akwai ƙara yawan kuɗin da ake zubawa, da komawa don a rama asara, da ɓoye gaskiyar lamarin, da dogara ga wasu don toshe ramin da cacar ta haƙa. Dukansu huɗu suna cikin wasiƙarka, da bakinka ka faɗe su. Ni ba likita ba ne, ba kuma hukunci nake yanke maka ba. Abin da nake nufi shi ne wannan abu sananne ne, yana da magani, kuma ba ya nuna kai mutumin banza ne. Kalmar nan ta ƙarshe a wasiƙarka, "sannan in daina", ita ce na fi jin tsoro, domin ka riga ka taɓa ci, kuma cin nan ne ya kai ka gasar dala 55.

Yanzu maiɗakinka. Tana ganin mijinta ba ya barci, yana fushi ba dalili, yana kife waya in ta shigo. Mace ba ta rasa fassara ga irin wannan, kuma mai yiwuwa fassarar da take yi ta fi gaskiyar muni. Kuɗin nan da guminta a ciki, tana da haƙƙin sanin inda ya shiga. Kana ganin kana kare ta ne, amma kowane dare da ka ƙara, adadin da za ka faɗa mata yana ƙaruwa, tsawon lokacin da ka ɓoye mata ma yana ƙaruwa, kuma na biyun ne zai fi yi mata ciwo. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ranar biyan kuɗin makaranta tana tafe. Gara ta ji daga bakinka da ta gani a takardar banki. Za ta yi fushi, wataƙila ta yi kuka, wataƙila ta yi kwanaki ba ta sake maka fuska ba. Ka bar ta ta yi, kada ka nemi ta yafe maka a zaman farko, kada kuma ka kawo mata lissafin A biyu a matsayin uzuri. Idan kana tsoron zaman zai fi ƙarfinku, ka nemi mutum ɗaya da ku biyun kuke ganin girmansa, mai riƙe sirri, ya zauna da ku.

Abokinka shi ya koya maka wasan, amma ba shi ya ce ka taɓa tanadin gida ba, kuma ya ba ka rance ne a kan maganar da ba gaskiya ba. Ka gaya masa inda kuɗinsa ya tafi, ku yanka abin da za ka riƙa ba shi duk wata daga albashi, ko da kaɗan ne. Ka kuma roƙe shi abu biyu, kada ya sake ranta maka, kada ya sake turo maka labarin wata gasa. In shi ma yana cikin irin halin da kake ciki, maganarka za ta iya zama abin da yake jira.

Ga yadda nake so ka bi abin. Yau ɗin nan, kafin dare, ka shiga shafin ka sauke tarihin duk abin da ka zuba da duk abin da ka cire tun farko, ka rubuta jimillar a takarda, domin mai caca yakan tuna abin da ya ci dalla-dalla, abin da ya zuba kuwa sai ƙiyasi. Ka cire ragowar kuɗin da ke ciki. Shafukan da ke da lasisi suna da wurin da mutum zai haramta wa kansa shiga na wani lokaci, ka zaɓi mafi tsawo da suke da shi, kuma ka yi haka a duk shafin da kake da rajista. Ka sa manhajar toshe shafukan caca a waya da kwamfuta, akwai Gamban, akwai BetBlocker wadda kyauta ce. Cikin makon nan ka zauna da maiɗakinka da takardar nan a hannu, ka faɗi adadin gaba ɗaya har da bashin abokinka, kada ka rage ko kaɗan da niyyar faɗa daga baya. Ka miƙa mata riƙon asusun tanadin, ka bar ta ta riƙa ganin shige da ficen albashinka har zuwa lokacin da ita da kanta za ta ce ya isa. Sannan ka nemi likita ko mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Akwai kuma ƙungiyar Gamblers Anonymous, wadda aka kafa a 1957, tana da zama ta intanet inda ba a tambayar cikakken sunan kowa. Idan kuma baƙin cikin ya taɓa kai ka ga tunanin cutar da kanka, kada ka kwana da shi, ka faɗa wa wani a ranar.

Wataƙila ka ce to in koma ƙananan gasanni mana, ko waɗanda ba a sa kuɗi. Ƙananan gasanni ba za su biya bashin ba, kai ma ka sani, don haka ba za ka daɗe a cikinsu ba. Na kyauta kuwa tebur ɗaya ne da ƙara ɗaya, kuma maɓallin zuba kuɗi yana nan kusa. A watannin farko ka nisance su duka. Amma abin da ya ja ka zuwa wasan, son lissafi da karantar mutum da haƙurin jira, abu ne mai kyau, ba na so ka binne shi. Wasan ces (chess), wato darar Turawa, yana ba da wannan gwagwarmayar ba tare da an sa ko sisi ba, kuma ana samun abokan karawa a intanet kowane lokaci. Ilimin ƙididdiga da nazarin alƙaluma ma sana'a ce da ake biyan mutane a kanta, kuma wanda ya gane dalilin da ya sa ake bin 50 don cin 150 ya riga ya taka matakin farko.

Sa'o'in da ka saba wasa su ne za su fi yi maka wuya, don haka ka bar waya a wajen ɗakin kwana, ka faɗa wa maiɗakinka dalili. Kuma ka sa ran saƙonni za su zo, na tikitin kyauta da garaɓasar dawowa, daga shafukan da ba ka rufe ba ko waɗanda ba ka taɓa shiga ba. Ka goge su ba tare da ka buɗe ba, ka cire adireshinka daga jerin masu karɓa. In kun zauna da ita, ka sake rubuto mini yadda aka yi, sai mu duba tsarin biyan bashin tare, mu ga wata nawa zai ɗauka daga albashinka. Allah ya sauƙaƙa maka, ya daidaita tsakaninku.